Ranar da Koci Ya Sallama

Laraba, bayan isha'i

Yau ma a kulob ɗinmu na kokawa da ke unguwar Miskine koci ya ce kowa ya kama abokin kokawarsa, ni kaɗai na rage. Tun da abokina Sani ya koma Kamaru nake tsayawa gefen katifa ina gyaran bandeji, kamar mai wani aiki.

Koci ya yafito ni muka kama. Na zagaya bayansa na shaƙe shi, har ya bubbuga katifa alamar ya sallama. Shekara biyu nake neman wannan.

Da na iso gida a unguwarmu ta Kilomita Biyar na ce, "Baba, yau na ci koci."

Bai ɗago daga rediyonsa ba. "Gobe motar atamfa za ta iso, ka fito shago da wuri."

Na ce to.