Kada a Toshe Lungun Lambu

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce mahaifiyarku, da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafu ne suka yi mini tawaye, sai zuciyar da likita ya ce ta gaji. Don haka kada wani ya tashi daga baya ya ce tsufa ne ya sa ni sambatu. Da ku uku nake: Babba, da Malama, da Auta.

Na ɗaya. Gidan nan ku raba shi yadda addini ya tsara, ba ni da abin ƙarawa. Roƙona kawai, kada a sayar muddin ɗayanku zai iya zama a ciki. Auta ce ba ta da muhallin kanta, ga yara ƙanana. Ku bar ta ta zauna, sauran ku daidaita a tsakaninku.

Ba ginin nake ji ba, rufin kicin ma yoyo yake. Unguwar nake yi muku kwaɗayi. Lokacin da mahaifinku ya kawo ni nan na yi ta mita, na ce ya jefa ni bayan gari inda ko mai talla ba ya leƙowa. Ashe ya fi ni hangen nesa. Layi ne da mota ke bi a hankali, saboda direban ya san 'ya'yan wa ke buga ƙwallo a gabansa. Da safe ba abin da za ka ji sai tsuntsayen lambun shaƙatawa da tsintsiyar maƙwabta. Yaro in ya gudu daga makaranta, kafin ya kai bakin titi iyaye mata sun gan shi sun kai rahoto. Ku tambayi Babba, shi ya fi kowa shan wannan.

Na biyu. Keken ɗinkina na Malama ne. Na san ko maɓalli ba ki iya ɗorawa ba, amma 'yarki tana da hannu, ki bar ta ta koya. Tsanin da ke bayan ɗakin girki kuwa ba namu ba ne, na mai gyaran keke ne. Ya daɗe a wurinmu har bawan Allah yana zuwa aronsa da sallama da godiya. A mayar masa, a ba shi haƙuri.

Na uku. Tukwanen furannina a kai wa mai kula da lambu, shi ya ba ni irinsu tun farko. Mutumin nan ya riƙe wurin nan kamar ɗakin uwarsa. Na ga itatuwan da ya dasa suna tsawon gwiwa, yau inuwarsu ta rufe lilon yara. A bakin tafkin lambun dukanku kuka koyi tafiya, a kan bencinsa na gama saƙa rigunan sanyinku. Ban taɓa shiga da ɓacin rai na fito da shi ba.

Na huɗu, kuma don shi na ɗauki biro. Maganar lungu ce.

Auta ba ta da wayo a lokacin, bari in faɗa don ita. Babbar ƙofar lambun tana can ɗaya ɓangaren, dole sai an bi gefen titin manyan motoci. Da mahaifinku zai ja katangar gida, sai ya sa magini ya shigo da ita ciki, ya bar hanya daidai faɗin keken jariri, daga layinmu har shingen lambu. Ya yi ta zarya wurin masu lambun har suka yarda suka buɗe ƙaramar ƙofa. Ya kuma ja famfo ya fitar waje, yaro ya sha ruwa ya wanke ƙafa kafin ya koma wa uwarsa. A takarda lungun namu ne, a aikace na duk unguwa ne, kuma ta ƙarƙashin tagar ɗakina ya bi.

Shi ne Babba ya kawo bulo ya jibge a tsakar gida zai toshe. Malama ta tsaya a gaban magini, ta ce wa yayanta wurin ajiye mota yake nema, ta haɗa da maganganun da ba zan maimaita ba. Tun daga ranar ba ku gaisawa. In wannan ya zo duba ni, waccan sai ta jira ya tafi. Kuna tsammani ban lura ba? Wannan ya fi ciwon zuciyar ci mini rai.

Malama, kin zalunci yayanki. Yana zaune a gefen gadona ran da likita ya ce ina buƙatar hutu da shiru, kuma ya ga yadda na zabura daga barci da yara suka wuce a guje. Washegari bulo ya iso. Bai yi miki bayani ba don halin ubansa ya ɗauko, gara a zage shi da ya buɗe baki ya kare kansa. Ki taka har gidansa ki ba shi haƙuri, ban ce ta waya ba.

Kai kuma Babba, niyyarka ta yi kyau, lissafinka ne ya kuskure. Tun da ƙafafuna suka ƙi, ban sake shiga lambun ba, lungun nan ne yake kawo mini shi har gado. Ina gane tafiyar tsohon direba da sandarsa. Ina gane mai 'yan biyu da kekenta mai ƙara. 'Yan makaranta suna ƙwanƙwasa taga su gaida Kaka, ba sa ma jiran amsa. In na zabura, da murmushi nake komawa barci.

Saboda haka, kafin a raba komai a fitar da lungun, sadaka ce gare ni da mahaifinku. Babba, kai na damƙa wa kula da shi, da famfonsa da ƙofarsa. Bulon kuwa ka sa a yi dakali a bakin hanya, tsofaffi su riƙa hutawa. Shiru ka so ka sama mini, ɗana, Allah ya saka maka. Shirun yana nan zuwa mini mai yawa, ba sai ka gina mini shi ba.

Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya shirya muku zuriya, ya ba ku maƙwabta irin waɗanda ya ba ni. Ku riƙe juna, ku riƙa haɗuwa a gidan nan ba sai an yi rashi ba, babba ya ja ƙarami, ƙarami ya girmama babba. Kuma ko ranar da za a fitar da ni, kada wanda ya ce wa yaran unguwa su canza hanya.