Hannun Hagu a Aljihu

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule mai wuta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ga labari daga Greensboro ta ƙasar Amurka. Da kana raye, da ka yi dariyar nan taka mai kama da tari.

Jikarka Hauwa ta ajiye takardar shiga makarantar likitanci a gefe, ta fasa. Ranar Litinin za ta fara aiki da masu gyaran wayar lantarki. Hawa falwaya, Baba, irin naka.

Tun da maganar ta fita, wayata ba ta huta ba. Wani Alhaji da ke unguwar Sedgefield, wanda ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira ma'aikaci, ya tare ni bayan sallar Juma'a yana yi mini jaje kamar an yi mana rasuwa. Har da ƙara ya kawo: wai yarinyar ta gaishe shi hannu a aljihu.

Nan dariya ta ƙwace mini, don kai ma abin da aka ce maka ke nan. Lokacin da ka kafa injin wuta na farko a garinmu, ka ja waya daga kasuwa har asibiti, sai aka ce girman kai ya kama ka, kullum hannun hagu a aljihu. Ba su san dokar aiki ba ce. Kakan ce, “Hannu ɗaya ga waya, ɗaya a aljihu, kada wuta ta sami hanyar ratsa zuciya.” Hauwa ba ta taɓa ganinka ba. A wajen horo aka koya mata, ya zame mata jiki.

Ni ma ba na fi Alhaji ba ne. Duk takardar da aka tambayi sana'ar mahaifi, “injiniya” nake rubutawa. A hasken da ka jawo na yi karatu, na gama ina jin kunyar tsaninka.

Bara iska ta kayar da itatuwa a unguwarmu ta Pleasant Garden, muka kwana huɗu babu wuta. Da masu gyara suka iso, mu masu digiri muka fito muka yi cirko-cirko, kowa ya ɗaga kai sama. Duk littattafan gidana ba su kunna ko firiji ba. Hauwa na gefena ranar, idonta na kan masu gyaran.

Don haka ba zan hana ta ba, kowa ya yi ta kira. Tsoro kam ina ji, ban manta tabon ƙuna a tafin hannunka ba. Na ciro ɗamarar fatar da kake ɗaure kanka da ita a jikin falwaya na ba ta. Ta tsufa, ba ta hawa ba ce, amma ta rataye ta a mota.

Juma'a mai zuwa zan gai da Alhaji da ladabi, hannun hagu a aljihu.

Allah Ya haskaka kabarinka yadda ka haskaka garinmu. Allah Ya sauko mini da ita lafiya kowace rana.

Ɗanka, wanda yanzu ya iya rubuta sana'arka daidai,
Bashir