Shukar da Baba Ya Kawo daga Kwanni

Illela, daren Laraba

Ban gaya wa kowa ba, na fara manta muryar Baba, Allah ya jiƙansa. Sai na tsuguna gaban shukar nan tasa mai kamar ƙwallo, duk jikinta ƙaya, nake jin sa: "Wagga daga Kudancin Amurka take, ɗiyata. Kak ki ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas." Da tsinken tsintsiya muke share mata yanar gizo-gizo, yana ta dariya.

Yau ta soki ƙanena Auta. Inna ta ce, "Mi amfaninta? Ko miya ba a yi da ita. Ki yas da ta."

Na ce to. Amma da safe zan ɗora ta kan katangar bayan ɗaki, inda hannun Auta ba ya kaiwa. Inna ba ta leƙawa can.