Kwana Tara da Ka Jira Tanko

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da ka saba karɓa, a durƙushe, kai a ƙasa, ko da yake gwiwoyin nan nawa yanzu in na durƙusa sai an kama ni kafin in tashi. Ɗiyarka ce, Saude. Na wuce shekarun da ka bar duniya a kansu, na yi furfurar da ta fi taka, amma har yau ban iya kiran sunanka, ko a takarda.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Asiya, jikata ta wajen Lawal, ta gama horon aikin 'yan sanda. Ranar Juma'a ta zo gaishe ni cikin kaki, takalmi yana ƙara, ta sara mini a tsakar gida har kaji suka watse. Da ta shiga ɗaki sai ta tsaya gaban hotonka, wanda aka ɗauka ranar da ka ajiye aiki. Ta daɗe tana kallon hannun rigarka. Ta tambaye ni yadda aka yi mutum ya tsufa a aikin doka da igiya ɗaya tal, alhali duk Dutsin-Ma Kofur ake ce masa. Na ce mata haka Allah ya so. Da ta tafi kunya ta kama ni, domin na san dalilin, kuma ina da nawa laifin a cikin labarin.

Ka tuna gidanmu na bayan kasuwa, tun ana kiran ku 'yan doka, tun En'e, hukumar sarakuna, ke da ku. Kullum da safe ni ke hura gawayin dutsen guga, kai ka goge kakinka da kanka, ba ka yarda kowa ya taɓa maka karin wando. Mutane suna tsoron rigar nan. In ka ratso layi a kan keke, mata su ja yara ciki, masu hira a dakali su yi shiru sai ka wuce. Ba su san kulkin da suke tsoro ba, a gida da shi Inna ke tokare ƙofar ɗaki in ana iska.

Ba zan mayar da kai waliyyi don ka mutu ba. Kana da zafin rai, kuma kana da rowar magana. Sai a yi wuni guda ba mu ji komai daga bakinka ba sai "to" da "a bari". Ban taɓa jin ka ce wa Inna tuwonta ya yi daɗi ba, sai dai ka miƙa kwano a ƙara.

A shekarar da nake aji huɗu kana da igiya biyu, ana ta cewa ta uku tana hanya. Inna har ta fara kiran ka Saje in tana son tsokanarka. Sai aka aike ka wani ƙauye a ƙasar Kurfi ka zo da wani manomi, Tanko. Ya zo cin kasuwar Dutsin-Ma, rigima ta haɗa shi da wani ma'auni, mai awon hatsi, a kan mudu, ya fasa masa kai da sanda ya gudu gida. Ka ɗaura bargonka a bayan keke, ka sa ankwa a aljihu, ka tafi.

Abin da ya faru a can, daga baya na harhaɗa shi, rabi daga bakin Inna, rabi daga bakin Tanko da kansa. Ka isa da la'asar, ka same shi a ƙofar gida, bai yi gardama ba. Ka sa masa ankwa, kun fito bakin gari ke nan sai hadari ya haɗu, ruwan shuka ya sauka, na farko a shekarar. Kuka fake a wata rumfa. Da aka ɗauke, duk garin ya fito da sungumi da ƙoƙon iri, kowa ya nufi gona. Tanko yana tsaye da hannu a ɗaure yana kallonsu. Ba shi da ɗa babba, ba shi da ƙane. Tsohuwarsa ba ta gani, matarsa cikinta ya tsufa. Bai roƙe ka ba. Ya ce mini da ya roƙa da wataƙila ka ƙi, domin ba ka son magiya.

Kai ɗan manomi ne kafin ka zama ɗan doka. Ka san wanda ruwan shuka ya wuce shi, shekarar ta wuce shi, shi da duk wanda ke ci a hannunsa. Ka kwance ankwar, ka ce ya je ya shuka gonarsa, ranar Alhamis ya kawo kansa Dutsin-Ma. Ba ka sa shi ya dafa Alƙur'ani ba, ba ka kira mai gari ya tsaya masa ba.

Washegari ka dawo kai kaɗai. Da ka ce ba ka same shi ba, babu wanda zai bincika. Haka ake yi, kowa ya sani: a ce mutum ya shiga daji, a sake aikawa bayan mako biyu. Kai kuwa ka tsaya gaban Sajen da ya aike ka ka faɗi yadda aka yi tiryan-tiryan. Ya ce ya ba ka zuwa Alhamis ɗin da ka yanka da bakinka.

Alhamis ta zo ta wuce. Juma'a ta wuce. Ni ke kai maka abincin rana, kullum in same ka a kan benci a ƙofar ofis, ka juya fuska wajen hanyar Kurfi. Duk wanda ya ɓullo daga nesa sai ka ɗan miƙe wuya, in ya matso ka koma ka jingina. Ranar Litinin da safe, a wajen fareti, aka karanta hukuncinka gaban 'yan'uwanka. Aka karɓe igiyoyin duka biyu, ka koma kurtu. Da yamma Inna ta zauna da reza ta warware su daga sauran rigunanka, tana yi tana jan tsaki. Inda suka zauna ya fi sauran rigar duhu, ko daga nesa ana gane an cire wani abu.

A ranar Inna ta yi maka faɗan da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce ka zubar da guminka na shekaru don mutumin da ko sunan ubansa ba ka sani ba. Ka bar ta ta gama, sannan ka ce, "Ko bai dawo ba, hatsi dai ya shiga ƙasa."

Yanzu na zo kan nawa laifin. 'Yan ajinmu suka sa mini suna, ɗiyar wanda baƙauye ya yi wa wayo. Har waƙa suka haɗa, suna tafa mini a hanyar rijiya. Na dawo ina kuka, na same ka kana gyaran sarƙar keke, na tsaya a kanka ban ko durƙusa ba. Na ce don me ba ka ce ba ka iske shi ba, kamar yadda kowa ke yi. Ka ɗago ka dube ni, hannunka duk baƙin mai, ka ce, "Ai na iske shi, Saude."

Daga ranar na ƙi kai maka abinci. Na ce kaina ke ciwo, Inna ta riƙa ba maƙwabciya. Ka san ƙarya nake, ka riƙa karɓar kwanon daga hannunta ka ci. Ina jin kunyarka a lokacin, Baba. Wannan ce maganar da na kasa faɗa wa Asiya.

A kwana na tara da dawowarka, ranar Laraba da hantsi, sai ga mutum ya shigo gari ta hanyar Kurfi, taɓo har ƙauri, da gora a rataye. Ban gani da idona ba, tunda na yi yaji, kuma wannan rashin gani yana cikin abubuwan da na fi nadama a rayuwata. Waɗanda suka gani sun ce ya wuce kowa, ya zo gaban bencinka ya durƙusa, ya miƙo maka hannuwansa biyu a haɗe. Ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙasa ta riƙe ni." Ashe bayan ya yi shuka ruwa ya ɗauke, zabi suka tone rabi, rabi ya ƙi fitowa. Ya kasa barin gonar haka, ya zauna jiran ruwa na biyu, ya sake shukawa, yana gamawa ya kamo hanya. Bai san abin da kwanakin nan suka ci maka ba sai da ya ga hannun rigarka.

An ce ba ka sa masa ankwa ba. Ka ba shi ruwa ya sha, kuka jera har gaban alƙali kamar masu zuwa ɗaurin aure. Aka yanke masa wata biyu. Mutanen garinsu suka yi masa gayya suka nome gonar.

Ba a mayar maka da igiyoyin ba, kuma ban taɓa jin ka zagi Saje ba. Ka ce shi ma aikinsa ya yi, an aike ka ka zo da mutum, ba ka zo da shi ba. Sai bayan shekaru aka sake ba ka guda ɗaya. Yaran da ka koya wa ɗaura ɗamara suka zo suka wuce ka, kana sara musu. Amma mutanen gari ba su daina ce maka Kofur ba, kuma na lura masu hira a dakali sun daina yin shiru in ka ratso.

Da kaka Tanko ya zo da jaki da damin gero ɗaya, ya sauke a ƙofar gida. Ka sa aka ba shi fura, kuka gaisa, sannan ka ce ya ɗora abinsa. Ka ce, "In na amsa, saida maka kwanakin nan na yi ke nan." Baɗi ya sake zuwa, ka sake mayar da shi. Haka kowace kaka, har jakin ya san ƙofar gidanmu. Inna takan leƙa ta zana tana kallon damin nan yana komawa, ta ce ba ta taɓa ganin taurin kai biyu da suka dace da juna irin naku ba.

Shekarar da aka haɗe 'yan doka da 'yan sandan gwamnati ka ajiye aiki, ka koma gonarka ta Makera. Kakar nan Tanko ya zo kamar kullum, gemunsa ya fara fari. Ya sauke damin, ya tsaya riƙe da igiyar jaki yana jiran ka ce ya ɗora. Sai ka sunkuya ka zaro zangarniya ɗaya, ka murza a tafin hannu, ka hure, ka ce a shiga da shi. A lokacin na zo wankan gida da goyon Lawal, ina tsaye a zaure. Na ga dattijon nan ya juya baya yana share ido da bakin riga. Ba ka bari an daka ko zangarniya ɗaya ba, ka ce iri ne.

Na so in ba ka haƙuri a ranar. Na so a ranaku da yawa bayanta. Amma kai ba ka son magana, ni kuma na gaji halinka, har aka ɗauke ka daga zauren nan ban faɗa ba. To yau na faɗa. Ka yafe mini kwanakin da na bar ka a kan benci kana cin abinci daga hannun maƙwabciya. Ban taɓa alfahari da kowa ba kamar yadda nake yi da kai.

Gobe Asiya za ta dawo yi mini sallama kafin ta tafi inda aka tura ta. Zan zaunar da ita in ba ta labarin nan duka, har da nawa ɓangaren. Ba zan ce mata ta riƙa sakin mutane ba, zamani ya sake, kuma ba kowa ne Tanko ba. Zan dai ce mata duk abin da ta iske, ta ce ta iske shi. Na dubi idon yarinyar nan, Baba, ina jin za ta iya.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya yi maka sassauci ranar da kowa zai zo da hannunsa a miƙe. Allah ya jiƙan Inna, ya jiƙan Tanko. Allah ya tsare Asiya a cikin rigar nan.

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka. Jikokinka na Makera sun aiko mini cewa sun gama jiya da la'asar, da irin nan dai, wanda har yau geron Tanko suke ce masa. Hatsi ya shiga ƙasa, Baba.

Ɗiyarka,
Saude