Ku Ba Mu Hoton Baba Wanda Ba Takunkumi

Zuwa ga Shugaban kamfanin jirgin ruwan shaƙatawa da ke tashi daga Tashar Jidda,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, sunana Hadiza, haifaffiyar Jidda, ɗaya daga cikin fasinjojinku na zamanin korona. Na yi zarya ofishinku har mai gadi ya san ni, kullum sai a ce in dawo gobe. Shi ya sa na fito fili. Hoto guda ɗaya nake nema, na mahaifina, Allah ya jiƙansa.

Bari ka san ko wane ne. Baba ya zo ƙasar nan yana yaro, riƙe da gefen zanen uwarsa, a can ƙasan jirgin alhazai da ya taso daga Sudan. A tashar nan ya sauka, a cikinta kuma ya yi dako har bayansa ya ranƙwafa. Muna yara, ranar Juma'a bayan la'asar, yakan biya kasuwar Bab Makka ya sayo gurasa mai zafi, ya kwashe mu zuwa bakin teku da shayi a fulas, ya yi ta nuna mana jiragen da ya sauke wa kaya kamar nasa ne. Ina kewar waɗannan Juma'o'in matuƙa. Da aka sassauta kulle kuka fara fita da mutane yawon teku, sai ni da ƙannena muka ce lallai Baba ya hau jirgi sau ɗaya a matsayin baƙo, wani ya ɗaukar masa jaka.

Na ɗaya. Ba mu taɓa musu da dokar takunkumi ba. Mun san annoba ce, mun binne maƙwabta. Baba ya sa nasa daga ƙofar shiga, yana dai mita cewa a garinsu raƙumi mai cizo ake ɗaura wa wannan abin.

Na biyu. Baba ba ya yarda a ɗauke shi hoto. Ko a bikina ƙi ya yi. Kafin tafiyar, wanda muke da shi na iƙama ne kawai, wato katin izinin zama, ya ɗaure fuska tamau kamar an kama shi da laifi, alhali mutum ne mai dariya, ga wushirya, ga tsagen Gobirawa a kumatu. Ranar dawowa da yamma muna saman jirgi, a fili, iska na kaɗawa, babu kowa kusa da mu, sai ga Jidda ta ɓullo daga nesa. Ya daɗe yana kallonta. Can ya yafito mai hotonku da kansa, ya sauke takunkumi, ya jawo mahaifiyata kusa da shi yana dariya har da hawaye. Mai hoto ya ɗauka. Nan take wani jami'inku ya iso ya ce a mayar da takunkumi a sake. Muka bi umarni, aka sake.

Na uku. Da na je karɓa, na biyun aka miƙo mini. Na farkon na gan shi da idona a kwamfutarku, amma aka ce doka ta hana fitar da hoton fasinja ba takunkumi. Ranka ya daɗe, a ɗakin cin abincinku fa kowa baki buɗe yake, ana ta hira da tari a kan shinkafa, ba wanda ya ce uffan. Ashe a jikin takarda ne cutar ta fi yaɗuwa? Na haƙura a lokacin, don na ɗauka Baba na nan, zan lallaɓa shi wata rana.

Na huɗu. Bai yi shekara ba bayan tafiyar ya rasu. Yau ba mai sa takunkumi ko a jirginku, wato dokar da aka kafa mini hujja da ita ta kau. A hoton da ke rataye a ɗakinmu, Baba hula ne kawai da idanu biyu da shuɗin ƙyalle.

Don haka ina roƙonka ka sa a duba ma'ajiyar hotunanku a ba mu na farkon. Ba don a yaɗa ba, a gida zai zauna. In kuwa an goge shi, a faɗa mini gaskiya in daina sa rai. Kada a ja lokaci, don Allah. Kwanan baya mahaifiyata ta tambaye ni ta wane gefe bakin Baba yake karkata idan yana dariya, na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na tarar ni ma na fara mantawa.

Allah ya tsare jirginka da waɗanda ke cikinsa, ya raba mu da sake ganin annoba. Allah ya ja kwanan iyayenka in suna raye, ya jiƙan su in sun riga mu.

Wassalam.

Hadiza, 'yar marigayi Malam Barau,
Jidda.