Ranar da Na Zaunar da Baba

Alhamis, 11 ga Janairu

An ba ni ɗakin gilashi. Yallaɓai Rustem, shugaban sashenmu, da kansa ya kira ni ya ce daga yanzu ni zan riƙa karɓar baƙin kamfani a filin wasan hoki na kan ƙanƙara duk ranar da ake wasa a gida. Na yi godiya har da ɗan rusunawa. Sai da na fito na tuna inda aka gina ɗakin: daidai bayan layi na goma sha biyu. Kujera ta bakwai a wannan layin ta Baba ce tun kafin a haife ni.

A ofis ba wanda ya san shekara talatin Baba ya yi a gaban tukunyar narka dalma. Ranar da aka ɗauke ni aiki cewa na yi injiniya ne, ya yi ritaya. Har yau ban san abin da ya kai bakina ba.

Lahadi, 14 ga Janairu

Wasa na farko a sama. Ɗumi har sai da na cire kwat. Tebur cike da naman doki, kifi, har da inabi a tsakiyar Janairu. Baƙi takwas, shida sun juya wa ƙanƙara baya suna cin abinci. Wani ya tambaye ni wane launi ne namu. Shuɗi, na ce masa, ina murmushi, raina kuwa kamar in kwaɗa masa faranti.

A ƙasa da gilashin ga hular gashin Baba, ga sanƙon Kawu Vitya, abokinsa tun daga masana'anta, wanda ba ya sa hula wai don kansa ya sha iska. Duk a tsaye. A filinmu ba a zama sai yaranmu sun zura ƙwallon farko, ko da za a kai ƙarshen wasa. Ina shekara shida Baba ya tsayar da ni kan kujera ya ce, "Yaran nan suna can suna zubar da haƙora dominki, ke ki zauna kamar mai jiran kitso?" Mama tana gefe riƙe da fulas ɗin shayi, ita ma a tsaye cikin takalmanta na ulu.

Yau minti huɗu aka ci, kowa ya zauna, ba wanda ya lura da komai. Lokacin hutu Baba ya juyo ya hango ni, ya ɗaga murfin fulas. Na ɗaga masa hannu, amma ƙasa-ƙasa, a saitin cikina.

Asabar, 20 ga Janairu

Bari in rubuta yadda ya faru, ba gyara.

Wani babban baƙo ya zo daga birnin Almaty, wanda ake lallaɓa ya sa hannu a kwangila. Shi kuwa ya zauna zai kalla da gaske, matarsa tana son ɗaukar hoto. Zagaye na farko ya ƙare ba ci. Na biyu ya yi nisa, shiru. Tsofaffi shida a tsaye a gaban gilashin, Baba ya fi kowa tsawo, hularsa ta rufe raga ɗaya ɗungurungum.

Baƙon ya yi dariya ya ce, "Rustem, hula kuka gayyace ni in kalla?"

Yallaɓai bai yi dariya ba. "Botagoz, sauka ki ce wa tsohon can ya zauna."

Da na ce mahaifina ne, da an wuce wurin, wataƙila ma a yi raha. Da na ce al'adar filin ce. Maimakon haka na tashi. Na buɗe ƙofar na sauka matakala uku, ƙofar a buɗe a bayana, ina jin idanunsu a ƙeyata. Baba ya juyo fuskarsa a sake, har ya fara matsa mini wuri kamar da. Sai na ji bakina yana magana da Rashanci, harshen ofis, ni da ban taɓa yi masa magana da wani harshe ba sai namu na gida, Kazak:

"Malam, don Allah a zauna. Ana tare wa baƙi."

Malam. A zauna.

Ya kalli katin kamfani da ke wuyana, ya kalli ƙofar. Kawu Vitya ya buɗe baki, Baba ya dafa hannunsa. Ya cire hular, ya ɗora a gwiwa, ya zauna. Sauran biyar ɗin suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, don shi ne babbansu. Da na koma sama Yallaɓai ya ce, "Madalla, kin iya da mutane."

An ci mu uku da nema.

Lahadi, 21 ga Janairu

Na ɗauki waya sau huɗu. Ban kira ba.

Laraba, 24 ga Janairu

Na je gida da rana, da lemon zaƙi a leda kamar mai zuwa dubiya. Da zagina ya yi da na samu sauƙi. Sai ya shimfiɗa mini farin ƙyallen tebur da ake fitarwa don baƙi, ya zuba mini shayi a kofin da Mama ba ta bari a taɓa sai ranar Nauriz, bikin sabuwar shekara. Ya tambayi aiki. Ya tambayi ko shugabana yana jin daɗina. "Botam", sunan gata da yake kirana da shi tun ina goyo, bai fito ko sau ɗaya ba.

Na ce, "Baba, ranar Asabar..."

Ya ce, "Tsaron baya ne ba su da shi. Ƙara madara?"

Na sha kofi uku don in daɗe, maganar ba ta fito ba. A bas na yi ta kallon ƙasa kamar wadda ta yi sata.

Asabar, 27 ga Janairu

Kujera ta bakwai ba kowa. Ko ranar da aka sallame shi daga asibiti da huhu ɗaya da rabi sai da ya zo. Ko makon da muka binne Mama, ya zo ya tsaya, yana hawaye yana zagin alƙalin wasa.

Biyar ɗin sun tsaya, amma a ɗan duƙe, kowa yana waiwayen gilashi. Hakan ya fi komai ci mini rai. Lokacin hutu na tare Kawu Vitya a layin shayi.

"A'a, ranki ya daɗe," in ji shi, "mu ma an zo zaunar da mu ne? Bari in shanye tukuna."

Na ce ya daina, ina Baba?

"Yana gida, a gaban talabijin. Ya ce can ba ya tare wa kowa." Ya hura shayinsa. "Kin san ni na ɗauke ki a wuya ranar da muka ci kofi? Fitsari kika yi mini. Wancan na yafe."

Talata, 30 ga Janairu

Baƙon Almaty ya sa hannu. An yi ta yabona a taron safe. Zai dawo wasan Lahadi da abokan aikinsa, wai filinmu yana da "rai". Na shiga banɗaki na daɗe.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Ban shirya ba, wannan gaskiya ne. Na jera faranti, na nuna wa kowa wurinsa, aka yi taken ƙasa, aka jefa ƙwallo. Na ce bari in sauka in duba ko an share matakala. Kawai sai ga ni a gaban kujera ta bakwai. Tsawon Baba na ɗauko, ga takalmi mai tsini, don haka na san abin da suke gani daga sama: bayana da igiyar katin kamfani.

Kawu Vitya bai kalle ni ba. Miƙewa kawai ya yi sosai, sauran ma haka.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Ban juya ba. Can Yallaɓai ya sauko da kansa, murya ƙasa-ƙasa: "Botagoz, lafiyarki ƙalau?"

Na ce, "Yallaɓai, wurin mahaifina ne. Wanda na zaunar ranar nan. Narka dalma yake yi, ba injiniya ba ne. Ba a ci ba tukuna, in an ci zan hau."

Ya ce mu haɗu gobe ƙarfe tara a ofishinsa.

Su kuma yaran, Allah ya shirye su, ba su ci ba. Zagaye uku cur. Tun a na biyu na daina jin yatsun ƙafata, a na uku Kawu Vitya ya miƙo mini murfin fulas da shayi. Biyu da nema. Da ƙyar na kai tashar bas.

Litinin, 5 ga Fabrairu

An karɓe ɗakin gilashi, an mayar da ni tsohon teburina kusa da injin kwafi. Takardar gargaɗi ɗaya. Ban yi mamaki ba, kuma ban ji zafin da na zata ba.

Ba don kowa na yi ba, ƙafata ce kawai ta kai ni. Haka zan ce in an tambaya.

Da na dawo da yamma na tarar da leda rataye a ƙofata. Takalman ulun Mama ne, an goge su, an sa sabon shafi a ciki. Da 'yar takarda, da Kazak, rubutun nan nasa mai kama da ƙusoshi:

"Na gani a talabijin. Ba a tsayuwa da irin wancan takalmin, Botam. Asabar ƙarfe biyar. Kujera ta bakwai tawa ce, ki nemi taki."

Sun ɗan yi mini yawa. Zan sa safa biyu.