Sunan da Hannuna Ya Ƙi Rubutawa a Allo

Zuwa ga Malam mai girma, mai duba ajujuwan yaƙi da jahilci na mata a ƙauyukanmu na gefen Watari.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Allah ya ƙara maka haƙuri da jama'a.

Ni ce Hafsatu, wadda ƙungiyarku ta ɗauka gwaji bayan kaka don in koya wa matan ƙauyenmu karatu da rubutu a zauren Maiunguwa, kuma wadda ka dakatar ranar da ka zo duba ajin. Na aiko maka da wannan wasiƙa a takarda, na kuma sa ta a zauren malamai na waya, inda kowa zai gani, ba don raini ba. A gaban mutane aka sallame ni, kuma a ranar ban iya cewa uffan ba. Shi ya sa nake so a ji ta bakina a gaban mutane.

Na farko, ga abin da na yarda da shi. Ka ce saƙonnin da nake turo wa ofis ta waya ba rubutun malama ba ne. Gaskiya ka faɗa. Tun da na gama sakandare na yi aure, ba ni da wasu malamai sai littattafan soyayya da nake karantawa a waya. Ina son su har yau, ba zan ɓoye ba. Amma masu rubuta su da sauri suke yi, don mu masu karatu kullum muna damun su da a ci gaba. Ba aya, ba waƙafi, kalmomi a manne da juna, "na gode" ta koma haruffa uku. Ido ya saba, hannu ya bi. A can babu wanda ya damu, muddin an gane wa ke son wa. Sai da na tsaya gaban allo na ga mata sa'annin uwata suna kwafar duk abin da na sa, daidai da kuskure, ba tare da ko shakka ba, sannan tsoro ya kama ni. Wadda take koyon harafin farko ba ta da hanyar sanin an ba ta gurɓatacce. Don haka ba na cikin masu cewa gyaran rubutu iyayi ne. Da a kan wannan kaɗai ka tsaya, da na sunkuyar da kai na nemi a koya mini.

Na biyu, ga abin da ban yarda da shi ba, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Da na ji ƙarar motarka a ƙofar zaure, wallahi murna na yi. A littattafan da na saba, irin wannan ranar ce ake gane darajar yarinyar ƙauye, a yaba mata a gaban kowa. Har na gyara mayafi. Ka shigo tare da Maiunguwa, ka duba allunan mata, ka karanta musu ɗaya daga cikin saƙonnina a hankali yadda za a yi dariya, aka kuwa yi. Sai ka nuna tsohuwar da ke zaune a gefen tabarma, ta ba ni kafaɗa, ka tambaye ta sunanta. Ta faɗa. Ka miƙo mini alli ka ce in rubuta shi a allo, in kuma karanta da ƙarfi.

Na tsaya da alli a hannu. Ka sake faɗa. Na tsaya. Ka juya ga Maiunguwa ka ce wannan ko suna ba ta iya rubutawa, ina za ta koyar.

Malam, tsohuwar nan surukata ce, ita ta haifi maigidana. Tun da aka kawo ni gidansu sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, Inna nake ce mata. 'Yata ta fari sunanta ta ci, kuma Ummi muke kiranta, ko a asibiti sai dai kakarta ta faɗi sunan. Kai Bahaushe ne, ka san wannan ba sai an yi maka bayani ba. Abin da ba ka sani ba shi ne dangantakata da ita, kuma ba ka tambaya ba. Duk matan da ke wurin sun gane, shi ya sa dariyar ta mutu, kowacce ta sa ido a ƙasa. Maiunguwa ma ya gane, amma ya ji nauyin ya katse baƙo. Ni kuwa da wane baki zan tsaya a gaban Inna in yi wa namiji baƙo bayanin kunyar da ke tsakanina da ita?

Bari in gaya maka yadda ta zo ajin nan. Ba ni na kira ta ba, ban isa ba. Wata rana ta dawo daga karɓar taki da shuɗin tawada a babban yatsanta, tana gogewa da toka, tana cewa ita kam ta gaji da dangwale kamar wadda ba a raɗa wa suna ba. Ranar da aka buɗe aji sai ga ta da tabarmarta. Ta zauna a karkace don kada mu haɗa ido, ta ce wa maƙwabciyarmu Talatu, yadda zan ji, "Ki faɗa wa malamar taku, a nan ita ce babba, amma in an tashi tuwo na jiran ta." Mata suka kwashe da dariya, ni ma na yi tawa a cikin mayafi.

Sunanta kaɗai take so ta iya, ni kuma ba zan rubuta mata shi ba. Sai na yi dabara. Na riƙa koya wa ajin gaba ɗaya haruffan sunan ɗai-ɗai, a warwatse cikin wasu kalmomi, yau a cikin kayan miya, gobe a cikin sunan gari, ban taɓa jera su ba. Ita ke tsince su ta haɗa da kanta. Ta gane abin da nake yi, na san ta gane. Da gawayi take gwadawa a jikin rumbu idan tana zaton ina ɗaki. Ta riga ta kai rabi ranar da ka zo.

Na uku, ga abin da ya biyo baya, ko labari bai iso maka ba. Kun turo wani saurayi daga Bici ya maye gurbina. Ba ni da abin faɗa a kansa, an ce rubutunsa kamar na injin buga littafi. Amma mazan ƙauyen nan sun bar matansu fita ne saboda mace ce za ta koyar, macen ma ta gida. Maigidana ne ya yi ta bin su a fadama, wajen ban ruwan tumatir, yana lallashi har suka amince. Da aka ji namiji ne, kowa ya ce tasa ta zauna. Malamin ya zo ya tarar da zaure babu kowa sai awakin Maiunguwa, ya sake zuwa haka, ya daina. Yanzu kuma tsinkar tumatir ta kusa. Da zarar an fara yanka da shanya, babu macen da za ta sami sukunin riƙe alli, daga nan sai damina. Abin da suka koya zai zube, kuma mai lallashin maza a karo na biyu zai sha wuya, don har yanzu ana tsokanar maigidana a majalisa, ana tambayarsa ina malama.

Saboda haka ina roƙon ka, da girman Allah, a sake buɗe ajin nan kafin a shiga tsinka, kuma mace ta riƙe shi. Ba dole sai ni ba. Idan akwai wadda ta fi ni, ku kawo ta, zan shimfiɗa tabarma kusa da Talatu in zama ɗaliba, ba zan ji kunyar wannan ba. Idan kuma babu, to ku tara mu, mu da waya ta lalata wa hannu, a koya mana ƙa'idar rubutu yadda ya kamata, sannan a gwada mu. Ni ce zan fara zuwa. Ina kuma roƙo, duk ajin da za ka shiga nan gaba, ka keɓe malamar ka tambaye ta wa da wa ke zaune a gabanta, kafin ka miƙa mata alli.

Wannan wasiƙar na daɗe ina rubuta ta, ina gogewa, ina duba wani tsohon littafin firamare da na aro. Na san ba za a rasa kuskure ba. Ka bi ta da jan biro ka dawo mini da ita, zan karɓa hannu biyu.

Inna ba ta yi mini maganar ranar ba, ni ma ban yi mata ba. Rabin sunan yana nan a jikin rumbu. Jiya na gan ta tsaye a wurin da gawayi a hannu, ta daɗe, sannan ta jefa shi cikin murhu ta ce wa Ummi ta kawo mata buta. Sauran haruffan suna wurina, Malam, kuma ba ni da inda zan ba ta su sai a aji.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da aikinka lafiya, ya raya maka zuriya, ya ba ka surukai masu jin kunyarka.

Wassalamu alaikum.

Hafsatu, daga zauren da aka rufe.